Ni Na Ce Ya Ɗauki Kwas Ɗin

Ku da kuke bibiyata, yau ba zan yi muku kwana-kwana ba. Abin da ya faɗo wa gidanmu bakina ne ya jawo shi. Ba gulma na yi ba, ba ƙarya na yi wa kowa ba. Malama kawai na yaba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Noemí Barragán. Shekarata ashirin da ɗaya, ina aji uku a jami'ar jiha da ke garinmu, a tsakiyar kwarin Kalifoniya. Mahaifina, da nake kira Apá, wato Baba, shi ne mai kula da ban ruwa a wata gonar lemo. Mahaifiyata, Amá, wato Mama, tana ɗinki a gida. Ni kaɗai suka haifa, kuma ni ce ta farko a danginmu da ta taka ƙofar jami'a.

Tun muna aji ɗaya ni da ƙawata Pakou Vang muka buɗe wani zaure a waya domin ɗalibai. Yanzu mun haura mutum ɗari huɗu. Zauren yakan yi tsit kamar ba kowa, amma da zarar makon rajistar kwasa-kwasai ya zo, wayata ba ta ƙara hutawa.

"Jama'a, wa ya taɓa ɗaukar ƙididdiga wurin Farfesa Dhaliwal?"

"Ɗauka ido rufe. Ba ya barinka sai ka gane. Amma takwas da minti ɗaya ya rufe ƙofa, ko kai ɗan gwamna ne."

"Ilmin sinadarai wurin Lindqvist fa?"

"Ka fara rubuta wasiyya."

Pakou ta ce, "Ku daina ɓata bawan Allah. Shi mutumin kirki ne, jarrabawarsa ce ba ta da tausayi."

"Wane kwas ne ba karatu, ba rubutu, ga maki?"

"Wannan sunansa barci. Ka yi rajistarsa a gidanku."

Ni kuwa kowa ya san amsata tun kafin in rubuta. Har tsokanata suke yi, wai an biya ni. Farfesa Arpine Kasabian, kwas ɗin tarihin baka, Talata da Alhamis ƙarfe biyu. Tsohuwa ce 'yar gajera, ta yanke farin gashinta kamar na maza, kullum da takalmin guje-guje da ƙullin zabibi a aljihun rigar sanyinta. Ranar farko da na shiga ajinta ba ta rubuta komai a allo ba. Ta haɗa mu bibbiyu ta ce ɗaya ya yi magana minti biyar, ɗayan ya yi shiru, ba tari, ba "ni ma haka". Ranar na gane ban taɓa sauraron kowa ba a rayuwata, jira kawai nake ya gama in faɗi tawa.

Babban aikin kwas ɗin shi ne ka sami dattijo ka ɗauki labarin rayuwarsa a murya. Tana da doka: sai mai labarin ya sa hannu a takarda, kuma muryar tasa ce, duk ranar da ya ce a goge sai a goge. Ni Apá na fara nema. Ya yi dariya yana cire takalmin aiki a bakin ƙofa. Mija yake kirana, wato 'yata.

"Me zan faɗa, mija? Na tafi aiki, na dawo, na ci abinci. Ga labarin, rubuta."

Sai na je na ɗauki wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Na sami maki mafi kyau a ajin. Daga nan na zama 'yar tallar Farfesa Kasabian.

To, yanzu sai Leonel.

Leonel Quintero ɗan Doña Hortensia ne, aminiyar Amá a coci. Shekararsa ashirin da shida. Babansa ne ke kwasar ma'aikata zuwa gonaki, motocinsu sun kai goma. Shi kuma yana taya babansa, yana karatun kasuwanci a makarantarmu kaɗan-kaɗan. Ba zan rage shi ba: dogo ne, rigarsa kullum a goge har tana ƙara, agogon azurfa, turare mai sanyi, farar motar ɗaukar kaya da ko ƙura ba ta kwana a kanta. Duk Lahadi bayan coci sai ya zo da kwalin burodi mai zaƙi, ya sumbaci hannun Amá, ya tambayi Apá lafiyar gwiwarsa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma in yana kallona sai in ji kamar an bar ƙofa a buɗe a bayana.

Amá kuwa ta riga ta gama ɗinka rigar biki a ranta.

"Yaro mai kunya, mai sana'a, ba sha, ba yawo. Me kike nema kuma, mala'ika?"

"Amá, karatu nake yi."

"Karatun ai ba ya hana. Ni da na auri babanki shekarata goma sha tara."

"Shi ya sa kike son in rama miki?"

Ta jefo ni da tsumman goge hannu.

Wata Lahadi a watan Nuwamba, ana tsakiyar makon rajista, muna kicin. Tukunyar miyar masara da nama tana tafasa, Amá tana yanka kabeji da albasa, ni ina matse lemon tsami cikin tsohuwar rigar makaranta da silifas. Leonel ya jingina da firiji ya ce, "Noemí, an ce ke ce sarauniyar ba da shawara. Saura mini kwas ɗaya na cike gurbi. Wanne zan ɗauka?"

Jama'a, da na ce Dhaliwal. Da na ce Lindqvist ma, ya je can ya sha wuya. Amma aka taɓo inda nake so. Na saki lemon, na shiga zuba. Na faɗa masa yadda take koya wa mutum ya yi tambaya ɗaya ya yi shiru. Yadda take cewa kar ka zauna gaba da gaba da dattijo, ka zauna gefensa kuna kallon abu ɗaya. Yadda tsohuwar da na ɗauka ta faɗa mini abin da 'ya'yanta ma ba su sani ba. Minti goma sha biyar ina magana, abin da ban taɓa yi da shi ba.

Ya ce, "Abin da 'ya'yanta ba su sani ba?"

Na ce, "Wallahi. In ka iya saurare, mutum zai ba ka komai."

Ya ciro waya a nan take ya yi rajista, ya juyo mini da fuskarta in gani. Amá ta kalle ni ta kalle shi, ta yi murmushi cikin tukunya.

Zango ya fara a Janairu. Ni na riga na wuce kwas ɗin, don haka ba aji ɗaya muke ba, amma saƙonninsa suka ƙaru. "Malamarki ta iya magana." "Yau ta raba mana zabibi." Sannan wasu da ban so ba. "Koren mayafin nan ya yi miki kyau." Na ɗaga kai a ɗakin karatu, ban gan shi ko'ina ba. Wata rana: "Tayarki ta baya ta hagu iska ta yi ƙasa." Na fita wurin ajiye motoci, gaskiya ne, ta yi ƙasa.

Na nuna wa Pakou. Ta ajiye cokalinta ta ce, "Wannan ba so ba ne, gadi ne. Ki sallame shi."

"Amá za ta cinye ni ɗanya."

"Gara ita. Ita aƙalla za ta yi kuka bayan ta gama."

A watan Maris, ranar wata Asabar da safe, ina shirin tafiya kantin magani inda nake aiki, sai ga Leonel da 'yar ƙaramar makirfo da ake maƙalawa a kwala. Wai lokacin babban aikin kwas ya zo, kuma Don Eusebio yake so ya ɗauka. Don Eusebio shi ne Apá. Na yi dariya a raina, na ce je ka gwada. Ina fita na hango su a bayan gida ƙarƙashin bishiyar lemon tsami. Ya jera kujeru biyu gefe da gefe, suna kallon katanga.

Da na dawo da yamma, idanun Apá sun yi ja. Leonel na sallama, Apá ya riƙe kafaɗarsa ya ce, "Ka gaida gida, ɗana." Bai taɓa kiran kowa haka ba. Na tambaye shi me ya faɗa har awa uku. Ya ce, "Hirar maza." Kishi ne ya kama ni a lokacin, ba tsoro ba. Ni ya hana, ya ba bare.

Daga ranar Amá ta daina lallashi, ta koma sanarwa. Wai iyayen Leonel za su zo neman aure bayan Ista. Ta sayi sabon mayafin tebur, ta sa Apá ya yi wa falo fenti. Na ga in na ƙara yin shiru, zan farka in ga kaina a gaban limamin coci.

Ranar Talata na ce wa Leonel ya same ni a shagon shayi na makaranta, da rana tsaka, cikin mutane. Na sa baƙin wando da rigar sanyi mai hula, ko jan baki ban shafa ba. Na faɗa masa a fili: ba na son sa da aure, ba kuma zan so shi ba, kar iyayensa su wahalar da kansu.

Bai ɓata fuska ba. Ya juya kofinsa a hankali har hannun kofin ya fuskance ni.

"Kin gama?"

"Na gama."

"To. Ki duba wayarki in kin samu wuri mai shiru."

Ya biya kuɗin shayin, ya tura kujerarsa ciki, ya tafi.

A cikin motata na buɗe. Saƙon murya ne, daƙiƙa hamsin da biyu. Muryar Apá ce, ƙasa-ƙasa, ana jin kukan tsuntsaye a bayanta.

"...a nan aka haife shi, lokacin da iyayenmu suka zo tsinkar inabi. Da suka koma ƙauye can ƙasarmu sai aka haife ni. Yana da shekara bakwai zazzaɓi ya ɗauke shi. Babarmu ta ɓoye takardar haihuwarsa cikin akwatin ƙarfe, ba ta gaya wa hukuma ya mutu ba. Ranar da zan taho, ta ciro ta ta sa mini a hannu, ta ce daga yau kai ne Eusebio. Shekara ashirin da takwas ke nan ina amsa sunan yayana. Noemí ba ta sani ba. Kai da za ka shigo gidan nan, ya kamata ka san gidan da kake shiga..."

Ya yanke.

Na saurara sau huɗu. Sannan na ɗora wayar a cinya. Duk rayuwata in an yi maganar jami'an shige da fice sun yi kame a wata gona, tausayin mutane nake ji daga nesa, ina cewa Allah ya rufa mana asiri, Apá ɗan ƙasa ne. Ashe rufin asirin duka takarda ɗaya ce ta yaron da ya mutu.

Sai saƙo ya shigo.

"Labarin babanki na da daɗi. Awa uku ne cif. Ban ba kowa ba."

Wani ya biyo baya.

"A ganina maganar cikin gida ce. In dai gida ɗaya muke."

Ban san yadda na tuƙa na iso gida ba. Na tarar da Amá a kan keken ɗinki, bakinta cike da allurai, tana yi wa wata rigar yarinya ƙafa. Na kunna mata. Ba ta firgita da labarin ba, a nan na gane ta sani tun fil azal. Ta ciro alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke su a matashi, sannan ta ce:

"Me kika ce masa?"

"Amá, abin da za ki tambaya ke nan?"

"Na ce me kika ce wa yaron nan?"

"Na ce ba na son sa."

Ta dafe kai da hannu biyu. "Kin kashe mu. Noemí, kin kashe mu da ranmu."

"Ni? Shi fa yake yi mana barazana!"

"Ba barazana ba ce, zuciyarsa ce ta ɓaci. Namiji in an wulaƙanta shi yakan faɗi abin da bai yi niyya ba. Ki kira shi. Ki ce kin yi fushi ne, ki ce jarrabawa ce ta ruɗa ki. Yaro ne mai hankali, zai wuce."

"In ya wuce yau, gobe fa? Duk ranar da miya ta yi gishiri sai ya ciro waya?"

Ta miƙe ta kama hannayena. "Babanki in suka ɗauke shi, ba mayar da shi ƙauye kawai za su yi ba, kurkuku zai fara shiga. Gwiwarsa ba ta da lafiya. Ba shi da kowa a can, duk sun mutu. Ke kuma aure ne kawai, mija. Aure ne kawai. Mata nawa suka yi, suka rayu?"

Ta ce kar in kuskura in gaya wa Apá, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Washegari na tsaya a ƙofar ofishin Farfesa Kasabian tun kafin ta iso. Tunanina ɗaya: dokarta. Muryar ta mai labari ce, in ya ce a goge sai a goge. Na ce za ta kira shi, ta tilasta masa, ko ta kayar da shi a kwas ɗin.

Ta zo da jakarta a kafaɗa, ta gan ni ta ce, "Barragán! 'Yar tallata. Ajina ya cika har da masu zama a ƙasa, duk laifinki ne." Sai ta dubi fuskata da kyau, ta daina dariya. Ta buɗe ƙofa ta ce in shiga.

Ta zauna gefena, ba ta katse ni ba har na gama. Ban faɗa mata abin da ke cikin muryar ba, na dai ce abu ne da zai iya raba mahaifina da ƙasar nan. Ta ce, "Kar ki faɗa mini. Ba naki ba ne da za ki ba ni." Sannan ta jawo kwamfuta ta tambayi sunan ɗalibin.

"Leonel Quintero."

Ta daɗe tana kallon allon.

"Yaushe kika ce ya ɗauki muryar?"

"Tsakiyar Maris."

Ta cire tabarau. "Noemí, yaron nan ya janye daga kwas ɗina tun makon farko na Fabrairu. Sau shida ya shigo ajina. Ban ba shi wani aiki ba. Ban ba shi takardar sa hannu ba."

Na ji kamar an zare kujerar daga ƙarƙashina. Duk saƙonnin nan na "yau ta ce kaza", "yau ta raba zabibi", har cikin Maris yake turo su.

Ta ce, "Na tuna shi. A gaba yake zama, yana rubuta komai. Ranar da na koyar da yadda ake sa mai jin nauyi ya saki jiki, ya tsaya bayan an tashi yana yi mini tambayoyi. Na ji daɗi har na ce a raina ga ɗalibi." Ta murza goshinta. "Shekara talatin ina koyar da wannan abu. Ban taɓa tunanin wani zai zo ya koyi buɗe ƙofa kawai, ya tafi kafin a zo kan amana ba."

Na ce, "Ni na turo shi."

"Kin turo mini mutum ɗari. Ɗaya ne ya zo da wuƙa a aljihu. Wannan laifin ba naki ba ne." Ta ɗauki waya ta kira wata lauya da ke taimaka wa ɗalibai kyauta, ta sa aka ba ni lokaci a ranar. Ta ce za ta iya kai ƙararsa wurin hukumar makaranta, tunda ya yi ƙarya da sunan kwas ɗinta, amma hakan na iya tunzura shi. "Ba zan motsa ba sai mahaifinki ya ce in motsa. Kin gaya masa?"

"Amá ta hana."

"A kansa ake ciniki, kuma shi kaɗai ne bai san an buɗe kasuwa ba?"

Lauyar ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce abin da Leonel yake yi laifi ne babba, ana iya kama shi a kansa. Amma ta ce matsalar Apá tana cikin masu nauyi, kuma kiran waya ɗaya ya isa a fara bincike, ko da mai kiran yana hannun 'yan sanda. Ta ba ni katinta biyu, ta ce ɗaya ya zauna a aljihun Apá kullum, ya kuma haddace lambar.

Ranar Alhamis na ƙi shiga aji. Na ɗauki abincin rana na tuƙa zuwa gonar lemo. Itatuwan sun yi fure, ƙamshin har yana hawa kai. Na same shi a ƙarshen layi ya durƙusa yana gyara bututun ruwa, hularsa ta kaba ta jiƙe da gumi. Ya gan ni ya yi fara'a.

"Yau kuma wace rana? 'Yar jami'a da kanta?"

Muka zauna a bayan motarsa. Na bar shi ya ci rabin abincin, sannan na kunna masa. Na nuna masa saƙonnin biyu. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi. Ya ajiye abincin ya rufe shi da kyau. Ya daɗe yana kallon ruwan da ke ɗiga a gindin itatuwa.

"Na ɗauka da surukina nake magana," ya ce. "Ya zauna ya yi shiru, mija. Ba wanda ya taɓa yi mini shiru haka. Sai na ji abin yana fitowa da kansa."

"Me ya sa ni ba ka gaya mini ba?"

"Don ki yi barci. Ni da babarki ba mu yi ba, na ce ke ki yi."

Hawaye suka zubo mini. Na ce, "Apá, mene ne sunanka?"

Ya kalli hagu da dama, a gonar da ba kowa sai mu. Sannan ya ce, "Fermín." Ya faɗe shi kamar yana ɗanɗana abincin da ya manta. "Rabon da wani ya kira ni da shi tun ranar da na bar babata a tashar mota."

"In riƙa kiranka da shi?"

"A'a. Ke ki ce Apá. Wannan ba aro na yi ba."

Na gaya masa abin da Amá ta ce. Na ce masa zan iya. Wallahi na faɗa, kuma a lokacin da gaske nake. Na ce zan kira Leonel, zan ba shi haƙuri, in ya so bayan shekara biyu ko uku a san abin yi.

Apá ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Na ɗauki sunan matacce don 'yata ta yi rayuwar da take so. Yanzu in sayar da 'yar don in riƙe sunan? To me na yi ke nan shekara ashirin da takwas?" Ya nuna wayata da haɓa. "Rubuta masa. Yanzu, ina gani."

"Apá, in ya kira su fa?"

"Tun kafin a haife ki nake jiran wannan ƙwanƙwasar. Na gaji da jira ma. Rubuta."

Na rubuta: "Apá ya ji komai. Amsata ba ta canja ba. Muna da lauya, kuma na adana saƙonninka. Kar ka sake zuwa gidanmu."

Apá ya sa babban yatsansa mai taɓo ya danna, ya tura da kansa.

Alamar an karanta ta fito nan take. Muka ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Can sai kalma ɗaya ta shigo.

"To."

Yau kwana tara ke nan. Amá ba ta yi mini magana sai ta kama dole. Ta naɗe sabon mayafin teburin ta mayar cikin ledarsa. Ranar Lahadi Doña Hortensia ta wuce mu a ƙofar coci kamar ba ta taɓa ganinmu ba. Apá ya ce wa Farfesa Kasabian ta kai ƙarar, ta kuwa kai. Ya kai ni banki ya sa sunana a komai, ya nuna mini inda ake kashe ruwan gidan da inda takardun mota suke. Ya haɗa wata 'yar jaka, riga biyu da maganin gwiwa, ya rataye ta a bayan ƙofar ɗakinsu. Kullum da asuba yana fita aiki kamar yadda ya saba, kullum biyar da kwata motarsa tana shigowa layinmu, ina jin ƙarar salansarta tun daga kwana. Na daina tsayawa a makaranta bayan ƙarfe huɗu. Ina zama a kan matakalar ƙofa da littafi a buɗe, ba na karanta ko layi ɗaya.

A nan nake zaune yanzu da nake rubuta muku wannan. Shida saura minti goma. Na kira Apá sau bakwai, tana shiga ba a ɗauka. Amá ta fito ta tsaya a bayana da cokalin miya a hannu, ta dafa kafaɗata, karo na farko cikin kwana tara.

Yanzun nan wayata ta yi ƙara. Ba Apá ba ne.

Leonel ne. Ya rubuto: "Kina gida?"